HARSHE NE KO ADDINI? GARDAMAR MAKARANTUN IBRANANCI A AMURKA

Akwai wata gardama da mutanen Amurka suke ta yi tun cikin shekarar 2007, wadda in ta lafa a wannan gari sai ta sake tashi a wancan. Maganar kuwa ita ce, ko ya halatta a ɗebi kuɗin harajin jama'a a buɗe makarantar da za ta riƙa koyar da yara da harshen Ibrananci, watau harshen Yahudawa, wanda wasu ke kira Yahudanci. Masu so sun ce ai harshe ne kurum, kamar Faransanci ko Sinanci. Masu ƙi kuwa sun ce addini ne aka lulluɓa wa mayafin harshe don a shigar da shi ta ƙofar da doka ta rufe.

Kafin mu shiga cikin maganar, ya kamata masu karatu su san irin makarantar da ake faɗa a kanta. Ba makarantar gwamnati ba ce irin wadda muka saba, ba kuwa makarantar kuɗi ba ce. A can suna kiranta cata, mu kuwa bari mu ce makarantar yarjejeniya. Wasu mutane ne ko wata ƙungiya za su je wurin hukuma su ce suna da wata sabuwar dabara ta koyarwa. In hukuma ta amince, sai a rubuta yarjejeniya ta 'yan shekaru, a sakar musu ragamar makarantar, su ɗauki malamansu, su tsara darussansu, gwamnati kuwa ta riƙa biyan kuɗi bisa kan kowane yaro. Sharuɗɗan su ne ba za su karɓi ko kwabo daga iyaye ba, ba za su zaɓi yara ba, in masu nema sun fi gurabe yawa sai a jefa ƙuri'a, in kuma suka kasa cika alkawari a ƙwace takardar. Jihar Minnesota ce ta fara yin wannan doka a 1991, aka buɗe makaranta ta farko a 1992. Yau irin waɗannan makarantu sun haura 7,000, da yara fiye da miliyan 3.

To, ga inda gizo ke saƙar. Tsarin mulkin Amurka, a gyaran farko da aka yi masa a 1791, ya hana gwamnati kafa addini ko ɗaure wa wani addini gindi. Kotun Ƙoli ta ƙasar ta hana addu'ar da hukuma ke tsarawa a makarantun gwamnati a 1962, ta kuma hana karatun Baibul na ibada a 1963. Amma a hukuncin na 1963 ɗin alƙalan sun bar wata kafa, suka ce ba laifi a koya wa yaro labarin addini a matsayin ilmi, abin da aka hana shi ne a sa shi ya yi ibada ko a cusa masa aƙida. Tun da yake da kuɗin jama'a ake gudanar da makarantar yarjejeniya, dokokin jihohi sun ce wannan hani ya hau kanta ita ma.

MAFARIN RIGIMAR

A watan Agusta na 2007 aka buɗe makarantar Ben Gamla a garin Hollywood na jihar Filorida (ba Hollywood ta 'yan fim ba, wannan dabam ce), da yara wajen 400. Ita ce ta farko irinta a ƙasar. Wanda ya kafa ta, Peter Deutsch, tsohon ɗan majalisar wakilai ta tarayya ne. Tun kafin a buɗe ƙofa mutane suka fara ƙirga alamu. Sunan makarantar na wani babban limamin Yahudawa ne na ƙarni na farko, Joshua ben Gamla, wanda littattafansu suka ce shi ya sa a kafa makarantun yara a kowane gari. Shugaban makarantar na farko malamin addinin Yahudu ne. Abincin da ake dafa wa yara kuwa kosha ne, watau wanda ya bi ƙa'idar addininsu, kamar dai yadda Musulmi ke kula da halal.

Hukumar ilmi ta gundumar Broward, wadda ita ce ta ba da izni, ta duba littattafan da za a yi amfani da su, ta mayar da su fiye da sau ɗaya don ta ga maganganun addini a ciki. Kwanaki kaɗan da buɗewa sai ta ba da umurni a dakatar da darasin Ibrananci gaba ɗaya. Abin mamaki ke nan, makarantar Ibrananci amma an hana ta koyar da Ibrananci. Sai da aka ɗauko wani shehun malami mai nazarin addinai, Nathan Katz, ya bi darussan ɗaya bayan ɗaya ya ce ba su ƙetare iyaka ba, sa'an nan aka ci gaba cikin watan Satumba. Makarantar ba ta rushe ba, har ma ta yi rassa a kudancin Filorida.

Daga nan abin ya bazu. A 2009 aka buɗe wata a unguwar Brooklyn ta birnin Niyu Yok, da goyon bayan attajiri Michael Steinhardt. A 2010 aka buɗe Hatikvah a garin East Brunswick na jihar Niyu Jasi. A 2013 aka buɗe Sela a birnin Washintan, da wata a unguwar Harlem.

SHIN ANA IYA RABA SU?

Wannan ita ce tambayar da kowa ke yi, kuma ita ce ta fi daɗin tattaunawa, ko da yake a ganinmu ba ita ce ainihin abin da ya haɗa mutanen faɗa ba.

Masu goyon bayan makarantun suna da hujja mai ƙarfi. Ibrananci ya yi ɗaruruwan shekaru ba mai hira da shi a gida, sai addu'a da karatun littattafai. Amma daga 1881, sa'ad da Eliezer Ben-Yehuda ya sauka a birnin Ƙudus ya ɗaura niyyar farfaɗo da shi, harshen ya koma bakin yara. A 1922, zamanin mulkin Ingila a Falasɗinu, aka sa shi cikin harsunan hukuma tare da Larabci da Ingilishi. Yau miliyoyin mutane ne ke ciniki da shi, suna zagi da shi, suna karanta labarin ƙwallo da shi, da yawansu kuwa ba su taka wurin ibada. Larabawan da ke da takardar zama 'yan ƙasar Isra'ila, waɗanda suka kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar, Musulmi da Kirista, galibinsu suna jin sa. Daɗin daɗawa, tun cikin shekarun 1930 ake koyar da Ibrananci a wasu makarantun sakandare na gwamnati a Niyu Yok, sama ba ta faɗo ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin darasi ɗaya da abin da waɗannan makarantu ke nufin yi. Dabararsu ita ce a tsunduma yaro cikin harshen, malami ya yi ta magana da shi ba tare da fassara ba, a wajen wasa, a wajen cin abinci, a wajen waƙa, har ya shiga kunnensa. Masu karatu da ke zaune a Agege ko Sabo ta Ibadan sun san wannan sarai, domin sun ga yadda 'ya'yansu suka tashi da Yarbanci a baki ba wanda ya taɓa koya musu nahawunsa. Sun kuma san cewa yaron da ya sha harshe ta wannan hanya ba kalmomi kaɗai yake sha ba, har da gaisuwar mutanen, da camfinsu, da ranakun bukinsu.

A nan ne malamin Ibrananci yake taka sawu a hankali. Sunan ranar Asabar a harshen shi ne Shabbat, wadda ita ce ranar hutun ibada, asalin kalmar ma ɗaya ne da tamu Asabar da muka aro daga Larabci. Manyan bukukuwan ƙasar Isra'ila na addini ne. Karin magana da yawa daga Attaura aka ciro su. Mai karatu ya gwada a ransa a ce an ɗauke shi aikin koya wa 'ya'yan Turawa Hausa, aka kuma gindaya masa sharaɗin kada ya ambaci Allah. Yaya zai koya musu amsa gaisuwa? Yaya zai koya musu sallama da matafiyi, ko barka da haihuwa, ko ta'aziyya? Zai iya, amma Hausar za ta fito kamar miya ba gishiri. Duk da haka ba wanda zai ce yaron da ya koyi cewa "Allah ya kiyaye hanya" ya musulunta. Iyakar da kotu ta shata a 1963 tana aiki a nan: a gaya wa yaro abin da Yahudawa ke yi ran Asabar ilmi ne, a kunna kyandir a sa shi ya karanta addu'ar kuwa ibada ce. Mai duba makarantu da ya san aikinsa zai iya bambance su. Abin da ya faru a Broward ya nuna haka.

Abin da mai duba makarantu ba zai iya aunawa ba shi ne niyya. Peter Deutsch bai ɓoye ba cewa yana kallon makarantun a matsayin hanyar kaiwa ga 'ya'yan Yahudawan da ba sa zuwa makarantun addini. Michael Steinhardt kuwa da bakinsa yake cewa bai yarda da samuwar Allah ba, damuwarsa ita ce kada 'ya'yan Yahudawan Amurka su narke su manta asalinsu. Shi ne ma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shirin nan na kai matasan Yahudawa ziyara Isra'ila kyauta a 1999. Ashe ke nan ba koyaushe ne addini ke bayan abin ba, wani lokaci kishin al'umma ne da ƙaunar wata ƙasa. Tsarin mulkin Amurka bai hana wannan ba. Amma mai biyan haraji yana da damar tambaya, musamman da yake darussan sun haɗa da tarihi da al'adun Isra'ila, ƙasar da rigimarta da Falasɗinawa ta raba kan Amurkawa su kansu. Sunan Hatikvah ma, wanda ma'anarsa fata ko sa rai, shi ne sunan taken ƙasar Isra'ila.

INDA KUƊI YA SHIGO

A jihar Niyu Jasi ne aka ga ainihin fuskar rigimar. Dokar jihar ta ce duk yaron da ya koma makarantar yarjejeniya, hukumar ilmi ta garinsu za ta bi shi da kashi 90 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan kowane ɗalibi. Gwamnatin jiha ce ke ba da izni, amma aljihun gari ne ke biya, ba kuwa a tambayi mutanen garin ta hanyar ƙuri'a ba. Hukumar East Brunswick ta kai ƙara don a hana Hatikvah aiki, kotu ba ta ba ta gaskiya ba.

A farkon 2011 gwamnatin Chris Christie ta amince da wata sabuwa mai suna Shalom, wadda za ta ɗauki yara daga garuruwan Englewood da Teaneck. Waɗannan garuruwa biyu suna da Yahudawa masu riƙo da addini da yawa, waɗanda galibi ba sa kai 'ya'yansu makarantar gwamnati, sai makarantun addini masu zaman kansu, inda kuɗin yaro ɗaya ya haura dala 10,000 a shekara. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008 wannan nauyi ya danne iyaye masu 'ya'ya huɗu ko biyar. Makarantun gwamnati na garuruwan kuwa yawancin ɗalibansu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka.

Sai mai karatu ya yi lissafi da kansa. Yaron da ke makarantar addini a da, hukumar gari ba ta biya masa kuɗin karatu. Ran da ya koma makarantar yarjejeniya sai ya zama sabon nauyi a kanta, alhali ba wani aji da ya ragu a tsoffin makarantun balle a ce an sami sauƙi. Kuɗin kuwa daga kason yaran da suka rage za a yanko shi. Wannan shi ne kukan hukumomin Englewood da Teaneck, kuma kuka ne mai kan gado. Su ma iyayen suna da nasu: shekara da shekaru suna biyan harajin gida mai tsada don makarantun da ba su amfana da su, yanzu sun nemi kaɗan daga ciki an ce sun yi laifi. Aka yi ta ja-in-ja, aka yi ta ɗaga ranar buɗewa saboda maganar gini da sauran sharuɗɗa, har makarantar Shalom ta mutu a takarda ba ta taɓa ɗaukar yaro ko ɗaya ba.

Wani abin lura kuma, cikin masu sukar akwai Yahudawa da yawa. Shugabannin makarantun addini sun ji tsoron a kwashe musu ɗalibai, suka kuma ce yaudara ce a bar iyaye su zaci sa'a ɗaya ta harshe za ta maye gurbin karatun Attaura. Wasu kuma suka ce Yahudawa, da yake su tsiraru ne, su suka fi kowa cin moriyar katangar da ke tsakanin gwamnati da addini, in suka fara huda ta da hannunsu, masu rinjaye ne za su fi kutsowa ta ramin.

SANDA ƊAYA KO BIYU?

Ba za a yi adalci ga wannan magana ba in ba a ajiye ta kusa da 'yar'uwarta ba. A cikin watan nan na Agusta 2007 da ake cacar baki a Filorida, birnin Niyu Yok yana shirin buɗe makarantar gwamnati mai koyar da Larabci a Brooklyn. An sa mata sunan Khalil Gibran, marubucin nan ɗan Lebanon wanda Kirista ne ma. Ba limami a cikinta, ba masallaci. Amma wasu suka tashi haiƙan suna cewa sansanin horar da masu tsattsauran ra'ayi ne. Wata jarida ta tambayi shugabar makarantar, Debbie Almontaser, 'yar asalin Yaman, game da kalmar intifada da aka gani a jikin wasu riguna da ba na makarantar ba, ta yi bayanin asalin ma'anar kalmar a Larabci. Cikin 'yan kwanaki aka tilasta mata ajiye aiki tun ba a buɗe makarantar ba. A 2010 hukumar tarayya mai kula da adalci wajen ɗaukar ma'aikata ta ce birnin ya nuna mata bambanci saboda addininta da asalinta.

Makarantar Ibrananci an dakatar da darasinta na 'yan makonni, aka kira masani ya duba, aka ci gaba. Makarantar Larabci kuwa kan shugabarta aka nema. Wannan bambanci a fili yake, ba ya bukatar dogon sharhi.

Amma kada mu ɗauka kowace makarantar Larabci an zalunce ta. A Minnesota akwai wata makarantar yarjejeniya mai suna Tarek ibn Ziyad, wadda ke zaune gini ɗaya da wata ƙungiyar Musulmi da masallacinta. A 2009 ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta Amurka ta kai ta ƙara, tana zargin an cakuɗa sallah da darussan addini da aikin makaranta. Shari'a ta yi tsawo, aka kuma canza dokar jiha game da masu ɗaukar nauyin irin waɗannan makarantu, a 2011 makarantar ta rufe. Wannan ita ce irin tambayar da ya kamata a yi wa kowa, Bayahude ko Musulmi ko Kirista: me ake yi a cikin aji, wa ke da makullin ginin, kuma ina kuɗin ke tafiya?

A ganinmu akwai ma'auni na biyu da ya fi wannan sauƙin dubawa, shi ne ƙofa. In makaranta ta jama'a ce da gaske, za a ga jama'a a cikinta. A nan wasu daga makarantun Ibrananci sun ba masu sukarsu kunya. Ta Brooklyn ta cika da 'ya'yan baƙaƙen fata da 'ya'yan baƙin da suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, ta Washintan kuwa yawancin yaranta baƙaƙen fata ne. Iyayen nan ba Attaura suka je nema ba, makaranta mai tsari suka gani kyauta, harshe na biyu kuwa gyara ne a kan ciniki. Sai dai wannan nasara tana da nata ciwon, domin attajirin da ya zuba kuɗinsa don 'ya'yan Yahudawa su san asalinsu ya wayi gari yana koya wa 'ya'yan wasu Ibrananci. Kasuwa kuma ba ta da tabbas, ta Harlem ta rufe a 2023 saboda ƙarancin ɗalibai.

Duk wannan gardama an yi ta ne bisa yarda da cewa makarantar yarjejeniya ba ta da iznin koyar da addini. Yanzu wannan tushen ne kansa ake girgizawa. A 2020 da 2022 Kotun Ƙoli ta yanke cewa in jiha tana tallafa wa makarantu masu zaman kansu, ba ta da ikon ware na addini. Ganin haka, a 2023 wata hukuma a jihar Oklahoma ta amince da makarantar yarjejeniya ta 'yan Katolika mai suna St. Isidore, wadda ta faɗa a fili cewa addini za ta koyar. Babban lauyan jihar, Gentner Drummond, ya kai ƙara, cikin hujjojin da ya riƙa bai wa jama'a kuwa har da cewa in aka bari, gobe Musulmi ma za su zo neman nasu kason. Kotun ƙolin jihar ta soke iznin a 2024. Da aka ɗaukaka ƙara, ran 22 ga Mayu 2025 alƙalan Kotun Ƙoli ta ƙasa suka yi kunnen doki, 4 da 4, saboda Mai shari'a Amy Coney Barrett ta janye daga shari'ar. Hukuncin Oklahoma ya tsaya, amma bai zama doka a kan sauran jihohi ba.

Kafin shekarar 2025 ta ƙare sai ga wata sabuwar takarda a gaban hukumar Oklahoma, ta masu neman buɗe makarantar yarjejeniya ta Yahudawa wadda za ta koyar da addini ba tare da wani mayafi ba. Sunan da ke kanta Ben Gamla ne, jagoran masu neman kuwa Peter Deutsch, mutumin da a 2007 ya tsaya gaban hukumar Broward yana cewa makarantarsa harshe kaɗai take koyarwa.